Sirbeyan yana da ikon caje jakar ɗalibi da wayarsa?

Baban_Yara_Wadata:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina cikin kwamitin iyayen ɗalibai na wata CEG, wato ƙaramar sakandare, a nan Tawa, kuma ana shirin sabunta dokar cikin gida ta makarantar. Hukumar makaranta ta kawo wani sakin layi tana so mu sa hannu a kai. Abin da ya ƙunsa shi ne, sirbeyan (mai kula da ɗa'ar ɗalibai) ko kowane malami yana iya caje jakar ɗalibi da aljihunsa da wayarsa a kowane lokaci, ba sai ya faɗi dalili ba, kuma ɗalibin da ya ƙi a kore shi na kwana uku.

Ni ban ƙi a tsare makaranta ba, ƴaƴana suna ciki. Amma "kowane malami, kowane lokaci" ɗin nan ya tsaya mini a rai. Ina tambayar masana doka da malaman da ke zauren nan: doka ta ba su wannan iko? In mu iyaye muka sa hannu, shi ke nan ya halatta?

Mai_Kabukabu:
Wa alaikumus salam. Alhaji sa hannu kawai. Mai kaza a aljihu shi ne ba ya jimirin as. Yaron da kaye da bik kaɗai ke cikin jakarshi mi zai ji tsoro? Mu da muke ɗaukar su safe da marece mun san abin da wasunsu ke yawo da shi.

Tsohon_Sirbeyan:
Na yi wannan aiki a Madawa da nan Tawa har na yi ritaya, bari in faɗi abin da idona ya gani. Na ga wuƙa ta fito daga jakar ɗan sankiyam. Na ga reza naɗe cikin takardar kaye. Na ga tramol jere a ƙasan ɗan gwangwanin kayan lissafi, an rufe shi da auduga. Ranar da yaro ya soki ɗan uwansa a filin makaranta, ba wanda zai tuna da dokar da ta hana ni bincike. Ƙofar ofishina iyaye za su cika, tambayarsu kuwa guda ce: kana ina?

Duk da haka, Alhaji, ni ma ba zan sa hannu kan wannan rubutu yadda yake ba, don ba kowa ya iya aikin ba. Ni in labari ya zo mini kan yaro ba na taɓa shi cikin aji. Nakan aika a kira shi kamar saƙo zan ba shi, ya zo da jakarsa, in nemi darakta ko wani malami ya zauna. Sai in ce masa, buɗe da hannunka ka fito da komai bisa tebur. Hannuna ba ya shiga ciki. In ka kuskura ka sa hannu, gobe yaron zai ce kai ka jefa masa abin, ko ya ce kuɗinsa sun ɓata, kuma ba ka da abin da za ka kare kanka da shi.

Ɗalibar_Doka:
Ina wuninku iyayena. Ina karatun doka a jami'ar Djibo Hamani, zan taɓa tambayar Baba ta biyu. Sa hannun iyaye ba ya halatta abin da doka ba ta halatta ba. Dokoki hawa-hawa suke: yarjeniyoyin da ƙasa ta amince da su, sai dokokin ƙasa irin su LOSEN ta 1998 da ta shimfiɗa tsarin iliminmu, sai ƙudurorin gwamnati da na ministoci. Dokar cikin gida ta makaranta ita ce can ƙasa, ba ta iya ba sirbeyan ikon da na samanta ba su ba shi ba.

Tun a 1990 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989. Sashe na 16 ya hana a yi wa yaro katsalandan cikin sirrinsa ko saƙonninsa ba bisa doka ba ko don son rai. Sashe na 28 ya ce ladabtarwa a makaranta ta bi hanyar da ba ta zubar da mutuncin yaro. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙi da walwalar yaro ta 1990 ta kawo maganar sirrin a sashe na 10, ta ƙara da cewa iyaye da waliyyai suna da haƙƙin sa ido kan ƴaƴansu daidai gwargwado.

Sannan binciken dole, wato a lalube jikin mutum ko a kutsa cikin kayansa ko yana so ko ba ya so don neman hujjar laifi, aikin OPJ ne, ƴan sanda da jandarmomin da doka ta ba wannan matsayi, ƙarƙashin mai gabatar da ƙara. Darakta ba OPJ ba ne, sirbeyan ma haka. Abin da Baba Tsohon_Sirbeyan ya kwatanta, yaro ya buɗe da kansa gaban shaida, wani abu ne daban.

Mushe_Lissafi:
Ɗiyata, karatu ya yi kyau, Allah ya ƙara basira. Amma sassan da kika jero ba su ce kada a duba jaka ba. Cewa suka yi kada a yi don son rai. Tsare ran ɗalibi son rai ne? Kuma uban da ya kawo mini ɗansa ƙarfe takwas, amanarsa ya miƙa mini har a tashi. In shi yana da haƙƙin sa ido, ni da ke tsaye a madadinsa fa?

Ɗalibar_Doka:
Haka ne Mushe, ba su haramta duba jaka ɗungurungum ba. Ciwon yana cikin "ba sai ya faɗi dalili ba". Binciken da ba shi da dalili shi ne ainihin son ran da sashen ke nufi.

Maman_Biyu:
Bari in ba ku abin da ya sami ɗiyar ƙanwata bara, a makarantar da ba zan ambata ba. Kuɗin aji suka ɓata, waɗanda aka tara don sayen alli da tsintsiya, ba su wuce sefa dubu 3 ba. Malami ya rufe ƙofa ya ce kowa ya juye jakarsa bisa tebur, maza da mata aji guda. Yarinyar tana cikin al'adarta, tana da audugar mata da ƙyalle ƙulle cikin baƙar leda. Ta riƙe ledar tana cewa wallahi Mushe ba kuɗi ba ne. Ya fizge ya kwance gaban kowa. Samari suka kwashe da dariya suna dukan tebur. Kuɗin ma ba a gan su ba. Yarinyar ta daina zuwa makaranta, sai da uwarta ta riƙa raka ta har bakin ƙofa, kuma har yau akwai sunan da suke tsokanarta da shi.

Muna ta fama a bar ƴan mata su yi karatu, har gwamnati ta fitar da ƙuduri a Disamban 2017 kan kare yarinya da tallafa mata ta zauna a makaranta. Rana ɗaya irin wannan ta isa uba ya ce ta zauna gida kowa ya huta. @Mai_Kabukabu, ƙanena, wace kaza ce a aljihun yarinyar nan?

Mai_Kabukabu:
Subhanallahi. Hajiya wanga kam bai kyauta ba, Allah ya ba ta haƙuri. Amma laifin mutum guda ne, ba na binciken ba.

Madam_Katiryam:
A'a ƙanena, in aka rubuta "kowane malami", an haɗa har da mai zafin rai irin wannan, an kuma ba shi takardar da zai kare kansa da ita. Ni malama ce, kuma ina gaya wa abokan aikina maza: ranar da ka sa hannu a aljihun yarinya ko ka ce ta cire hijabi, ko da zuciyarka fara ce tas, ka jawo wa kanka maganar da ba za ta wanku ba. Wannan sakin layi mu malamai zai fara cutarwa.

Ɗan_Adar_a_Amurka:
Ina gaida mutanen gida. A nan Amurka maganar ta kai har Kotun Ƙoli, kuma ta taɓa daidai abin da Mushe_Lissafi ya faɗa. A 1980, a wata makarantar sakandare ta jihar New Jersey, malama ta kama yarinya mai shekara 14 tana shan taba a makewayi. Yarinyar ta musanta. Mataimakin shugaban makarantar ya buɗe jakarta ya ga kwalin taba, da ya ɗaga sai ga takardar naɗa wiwi. Ya ci gaba da dubawa ya tarar da wiwin, da kuɗi, da jerin sunayen ɗaliban da take bi bashi. Hukunci ya fito a 1985, ana kiran shari'ar T.L.O., haruffan sunan yarinyar. Kotu ta ce tsarin mulki yana kare ɗalibi ko a cikin makaranta, kuma malamin gwamnati ba zai fake da cewa shi a madadin uba yake ba, domin wakilin hukuma ne. Amma ta ce ba sai ya nemo takardar alƙali ba kamar ɗan sanda. Ya isa a ce akwai dalili mai ma'ana tun farko, kuma zurfin binciken ya dace da abin da ake nema da shekarun yaron da jinsinsa. Makarantar ce ta yi nasara.

A 2009 kotun ta yanke wata, ta yarinya mai shekara 13 a Arizona, wadda wata ɗaliba ta ce ita ta ba ta ƙwayoyin ibuprofen, maganin ciwon jiki. An duba jakarta babu komai. Sai aka sa ma'aikata mata biyu suka sa ta tuɓe har ta ja kamfai da rigar nono ta girgiza. Nan ma babu komai. Kotu ta ce duba jakar yana kan hanya, amma alƙalai 8 cikin 9 suka ce tuɓewar ta saɓa wa tsarin mulki. Ku lura, mata ne suka yi binciken, hakan bai wanke shi ba.

Mushe_Lissafi:
To ai shari'arka ta farko ni ta goya wa baya, ɗan uwa. Malami ya buɗe jaka da hannunsa, kotu ta ce ya yi daidai.

Ɗan_Adar_a_Amurka:
Ta goya maka baya kan yarinya guda da aka kama da taba a hannu, Mushe. Ba ta ce a rufe ƙofa a juye jakar aji gaba ɗaya ba.

Baƙon_Liyon:
Tunda tsarin makarantunmu da na shari'armu daga Faransa muka gaje su, bari in faɗi yadda ake yi a nan. Ma'aikacin makaranta yana iya cewa ɗalibi ya buɗe jaka ya leƙa da ido, amma ba ya sa hannu ya lalube sai da yardar mai jakar. In ɗalibi ya ƙi, a kira iyaye ko a kira hukuma. Waya kuwa, dokar 3 ga Agustan 2018 ta hana amfani da ita a firamare da kwaleji, ta kuma ba da damar karɓe ta. A 2025 ƴan sanda da jandarmomi suka fara caje jakunkuna a ƙofar makarantu saboda yawan sukar wuƙa. Ranar 10 ga Yunin shekarar, a garin Nogent, ɗalibi mai shekara 14 ya soki wata sirbeyan mace ya kashe ta, daidai lokacin da jandarmomi ke tsaye suna binciken. Wasu suka ce a ƙara tsananta bincike, wasu suka ce ga shi ana tsakar binciken aka kashe ta.

Tsohon_Ɗan_USN:
Faransa kuma! Sojojinsu sun kwashe kayansu tun Disamban 2023, mu har yanzu da mudunsu za mu riƙa awo? Kuma ni duk maganar "a kira hukuma" ba ta kwanta mini ba. Waɗanda suka san 9 ga Fabrairun 1990, ranar da aka harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy a Yamai, sun san abin da ya sa ƙungiyar ɗalibai ta USN ba ta son kaki cikin harabar makaranta. Gara sirbeyan da ya san yaron ya san ubansa, da a saba wa ƴan sanda shiga aji kan kowace ƙaramar magana.

Malam_Garkawa:
Jama'a, mun zagaya Amurka da Faransa, ga namu kusa. Allah Maɗaukaki ya ce a Suratul Hujurat, aya ta 12, mu nisanci yawan zato domin wani zaton zunubi ne, ya kuma hana mu binciken asirin juna. Ayar ba ta ware yaro ba. Wanda ya sa ɗalibai sittin suka juye jakarsu don kuɗin da mutum ɗaya ya ɗauka, ya zargi hamsin da tara da sata ba tare da hujja ba. Kuma yaron da ake tona wa asiri kullum, ƙarshenta kunyar ce za ta fita daga idonsa.

Alaramma_Ƙwanni:
Allah ya gafarta Malam, gaskiya ne, amma a haɗa da ɗayan gefen. Yana cikin Bukhari da Muslim cewa gab da buɗe Makka, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki Sayyidina Ali da Zubair da Miƙdad zuwa Raudatu Khakh su tare wata mace da ke ɗauke da wasiƙar Haɗib ɗan Abi Balta'a zuwa ga Ƙuraishawa. Ta ce ba ta da wasiƙa. Suka ce ko ta fito da ita ko su bincike ta har tufafi. Sai ta ciro ta daga cikin kitsonta. Ke nan in cutar da ake gudu babba ce, bincike ya halatta. Kuma malami makiyayi ne, za a tambaye shi kan abin kiwonsa.

Malam_Garkawa:
Allah ya saka da alheri Alaramma. Dubi hadisin da kyau: mace guda aka ambata, da wurin da take, da abin da take ɗauke da shi, kuma labarin tabbatacce ne daga wanda ba ya ƙarya. Ba a ce su tare duk matafiyan hanyar Makka ba. Kuma da hannunta ta ciro. In makarantu za su tsaya a nan, ba ni da ja.

Majo_Asibiti:
Ku yi mini afuwa in ɗan kauce. Tramol ɗin da ake ba marar lafiya a asibiti miligiram 50 ne ko 100. Wanda ke yawo a hannun yara na fasa-ƙwauri ne, 200, 225, har 250. Shi ya sa ake kawo mana yaro yana jijjiga kamar mai farfaɗiya alhali ba a taɓa saninsa da ita ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne, ana caje yaro a ciki, mai sayar masa yana zaune da teburinsa ko kekensa a bayan katanga, kowa ya san shi. Kuma in an kama yaron sai a kore shi, ya koma wajen mai teburin ya wuni. Yaron da ya kamu magani da kulawa yake bukata, a kawo mana shi.

Mai_Kabukabu:
Majo ka faɗi gaskiya. Ko cikinmu masu babur abin ya yi yawa, wai don kada a gaji.

Tsohon_Jandarma:
Zan ƙara kan na Majo, kuma in amsa wa Tsohon_Ɗan_USN. Ba wanda ya ce a kira mu kan kuɗin alli. Amma ƙwaya da makami ba abin da darakta zai sasanta a ofis ba ne. Dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 1999 tana nan, kuma daraktan da ya jefa ƙwaya a durowarsa ya manta, shi ma yana riƙe da ita ne ba bisa ƙa'ida ba. In an samu, a ƙirga gaban shaida, a rubuta rana da awa da sunan waɗanda suka gani, a ƙulle cikin ambulan, a kira iyaye, a miƙa wa ƴan sanda in cikin gari ne, jandarma in ƙauye ne. Kada a doki yaro don ya amsa laifi ko ya faɗi abokansa. Kada kuma iyaye su ɗauka miƙa shi yana nufin kaso kai tsaye. A dokarmu yaron da bai kai shekara 13 ba ba a ɗora masa alhakin laifi, wanda ya haura kuwa alƙalin yara ne ke duba maganarsa, akwai dokar 2014 a kan haka.

Ƴar_Tarminal:
Iyayena ku yi haƙuri, ana ta magana a kanmu, bari ɗaya daga cikinmu ta ce wani abu. Jaka ba ta dame ni ba, in mace ce za ta duba a keɓe. Wayar ce. Wayar da nake riƙewa ta innata ce, ita ke ba ni don in kira mai babur in an tashi. A ciki akwai zauren danginmu na WhatsApp, da muryoyin da babana ke aikowa daga Abijan, da hotunanmu na cikin gida ba hijabi. An taɓa karɓe ta wata ƙawata aka tilasta ta ta faɗi lambar buɗewa. Kafin mako ya zagayo, maganar da suka yi da yayarta kan auren da ake shirya mata ta zama hirar makaranta. In na karya doka na fito da waya a aji, a karɓe, na yarda. Amma me ya kai mutum cikin hotunan innata?

Mai_Gyaran_Waya:
Ƙanwata ta taɓo wurin da na sani. Yara na zuwa rumfata suna kuka an karɓe waya, da iyaye suka je amsa aka ce ba a san inda take ba, ko a maido ta gilashi a fashe, ko babu katin ajiya. Shawarata ga Alhajin da ya buɗe maganar: ku sa a rubuce cewa ɗalibi ya kashe wayar da hannunsa, a sa ta ambulan, a rubuta sunansa da irin wayar, a ba shi rasit, a kuma faɗi ranar da uba ko uwa za su zo su karɓa. Waya ta sefa dubu 50 ba ƙaramin abu ba ce ga talaka.

Mushe_Lissafi:
Rasit na yarda da shi. Amma ku da kuke cewa kada a buɗe waya, kun san me ake yi da ita? Da ita ake satar amsa. Da ita samari ke ɗaukar hoton ƴan mata ta saman katangar makewayi. In yarinya ta zo mini tana kuka ta ce wane ya ɗauke ta, in tsaya jiran hukuma har ya watsa wa duniya? Wace yarinyar kuke karewa a nan?

Ɗalibar_Doka:
Duka biyun, Mushe. Karɓe waya daban, shiga cikinta daban. In ka karɓe ta nan take aka kashe, ka riga ka tsayar da watsawar, sai a kira iyayen yaron a buɗe a gabansu, ko a kai wa hukuma. Tsarin mulkin 2010 ya tanadi cewa sirrin wasiƙu da sadarwa ba a keta shi. An dakatar da shi bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, amma yarjeniyoyin da na ambata suna nan. Kuma dokar laifukan intanet ta 2019 tana hukunta yaɗa abin da ke taɓa mutuncin ɗan Adam. Ta hau kan yaron da ya ɗauki hoton ya watsa, ta kuma hau kan ma'aikacin da ya gani ya tura wa abokinsa.

Nas_a_Ingila:
Sannunku. Ƴaƴana a nan suke karatu, kuma tsarin Ingila ya fi kusa da abin da Mushe yake so. Shugaban makaranta da waɗanda ya wakilta suna iya bincike ko ɗalibi bai yarda ba, in suna da dalilin zargin yana ɗauke da abin da doka ta lissafa: wuƙa da makami, giya, ƙwaya, kayan sata, taba, hotunan batsa da makamantansu. Har cikin waya suna iya dubawa in akwai ƙwaƙƙwaran dalili. Amma da sharuɗɗa. A ƙa'ida mai binciken jinsinsu ɗaya da yaron, da shaida a wurin, kuma tufafin waje kaɗai za a ce ya cire, irin su jaket da hula da takalmi. Tuɓewa ba aikin malami ba ne sam.

Kiran ƴan sanda ma ba shi ne ƙarshen magana ba. A Disamban 2020, a unguwar Hackney ta Landan, malamai suka zargi wata baƙar fatar yarinya mai shekara 15 da warin wiwi. Suka duba kayanta babu komai, suka kira ƴan sanda. Ƴan sandan suka tuɓe ta a cikin makarantar tana cikin al'ada, babu uwarta babu wani babba nata a ɗakin. Ba a sami komai ba. Da rahoton ya fito a 2022 an yi zanga-zanga, gwamnati ta sake fasalin ƙa'idojin bincike a makarantu a shekarar.

Tsohon_Ɗan_USN:
Kun ji ko? Abin da nake faɗa ke nan.

Shugaban_Zaure:
Na goge saƙo biyu da aka ambaci sunan wata makaranta da malaminta. Don Allah a kiyaye, ba tonon silili muka zo yi ba. A koma kan tambayar Baban_Yara_Wadata.

Baban_Yara_Wadata:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga abin da nake shirin kai wa taro a madadin nasu, ku gyara mini. Bincike sai da dalilin da ya shafi ɗalibi takamaimai. Darakta ko sirbeyan kaɗai ke yi, a ofis, da shaida. Yarinya mace ce za ta duba ta. Ɗalibi ya buɗe jaka ya juye aljihu da hannunsa, ba a taɓa jikinsa, ba a sa shi tuɓewa. In ya ƙi, a tsare jakar a gabansa a kira waliyyinsa. A rubuta komai cikin rajista, a sanar da iyaye a ranar ko an samu abu ko ba a samu ba. Waya a karɓe da rasit, ba a buɗe ta sai gaban waliyyi.

Tsohon_Sirbeyan:
Ya yi Alhaji, sai abu guda. Ka toshe binciken ƙofa gaba ɗaya. In labari ya zo cewa yaran unguwa biyu sun yi alkawarin haɗuwa bayan an tashi, ba ka da sunan kowa amma ka san akwai wuƙaƙe. Ka bar wa darakta damar ya sa kowa ya buɗe jaka a ƙofa a leƙa da ido, ba tare da ware ɗan wane ba, maza layinsu mata layinsu.

Maman_Biyu:
Baba, ta wannan ƙofar ce abin da ya sami ɗiyarmu zai dawo. Yau wuƙa, gobe a ce kuɗin alli. In za a sa, a rubuta ɓaro-ɓaro cewa don makami ne kawai, kuma ƙullin leda na yarinya ba mai kwance shi.

Mushe_Lissafi:
Maganar waya har yanzu ban gamsu ba. Rabin iyayen ɗalibaina maza suna ci-rani, wasu Abijan wasu Libiya. Waliyyin da za a jira, yaushe zai zo?

Madam_Katiryam:
Uwa ma waliyyiya ce a nan, Mushe, ko kawu, ko wanda ya sa hannu ranar rajista. Wayar tana kashe cikin ambulan, ba inda za ta.

Mushen_Ƙauye:
Ni ina koyarwa a wata CEG ta ƙauye wajen Keita, kuma duk wanga tsari na birni ne. Mu malamai duka maza ne, ba madam ko guda. Ofis babu, wasu azuzuwan ma na zana ne, abin da anka faɗi a wannan ana jin shi a wancan. Jandarma kuwa sai an yi tafiya mai nisa bisa babur. In anka ce yarinya na ɗauke da wani abu, wa zai duba ta, kuma a wane ɗaki?

Madam_Katiryam:
Ba ku da ƙungiyar uwaye ta AME? A zaɓi biyu cikinsu masu riƙon asiri, a rubuta sunansu cikin dokar, a riƙa aika musu in bukata ta taso. A yi a gidan darakta gaban matarsa in babu ofis.

Mushen_Ƙauye:
Akwai su Madam, amma da hantsi suna rijiya ko gona, kuma kusan kowace tana da ɗiya ko jika cikin ajin. Wadda za a kira ta duba ɗiyar kishiyarta, kina ganin maganar za ta tsaya a ɗakin? Zan dai kai shawarar gaban COGES, kwamitin kula da makaranta, ranar kasuwa in ji mi za su ce.